Ƙuri'ar Talaka da Masu Magana da Sunansa: Darasi Daga NEPU da PRP

  

Ya 'yan'uwa, akwai wani al'amari da ya kamata ya tsaya wa kowane mai kishin gyaran al'umma a rai. A watan Maris na 2015 mutanen Jihar Kano suka fito ƙwansu da kwarkwatarsu, tsofaffi da mata da marasa lafiya, suka jure rana a layi, suka ba ɗan takarar shugaban ƙasa guda ƙuri'a fiye da miliyan 1.9. Da aka kaɗa ƙuri'ar ma ba su koma gida ba, suka tsaya a kasa, a tsare, a raka. Shekara tara bayan haka, a watan Agusta na 2024, a kan waɗannan tituna ɗin dai, sai ga matasa ɗauke da tutar Rasha, wasunsu suna kiran soja su zo su karɓi mulki. Shin mutanen ne aka canja? Ko kuwa dama can abin da suka fito nema a 2015 ba akwatin zaɓe ba ne?

Wannan ba halin Kanawa kaɗai ba ne. Cibiyar nan mai binciken ra'ayin jama'a, Afrobarometer, ta fitar da rahoto a 2024 kan ƙasashen Afirka 39. Kashi 66 cikin 100 na waɗanda aka tambaya sun ce sun fifita dimokuraɗiyya a kan kowane irin tsarin mulki, amma kashi 37 ne kawai suka ce sun gamsu da yadda take tafiya a ƙasashensu, sannan kashi 53 suka ce za su yarda soja su karɓi mulki idan zaɓaɓɓun shugabanni suka ci amana. Wato mutum guda ne yake son zaɓe, yake ƙin abin da zaɓe ya haifar masa, yake kuma leƙen barikin soja ta wutsiyar ido. A cikin wannan giɓi da ke tsakanin fata da sakamako ne wata irin jam'iyya take tsirowa, wadda marubutan Larabawa na wannan zamani suke kiran tafarkinta ash-sha'abawiyya, mu kuma za mu kira ta jam'iyyar da'awar talakawa. Alamarta ita ce ta raba al'umma gida biyu, talakawa waɗanda ake zalunta da manya waɗanda suke zalunci, sannan ta ce ita kaɗai ce bakin talaka, duk wanda ya saɓa mata kuwa ɗan koren manya ne.

Matsayinmu game da ita kanta dimokuraɗiyya sananne ne ga masu karanta wannan mujalla. Ba mu ɗauke ta aƙida ba, domin halattawa da haramtawa haƙƙin Allah ne, ba a kaɗa musu ƙuri'a. Amma haƙƙin al'umma na ta zaɓi wanda zai jiɓinci lamarinta, ta bi diddigin aikinsa, ta sauke shi ba tare da an zubar da jini ba, wannan abu ne da Musulunci ya riga kowa kira zuwa gare shi, kuma asararsa a kanmu take fara faɗawa. Saboda haka tambayar ta shafe mu: jam'iyyar da'awar talakawa tana ƙarfafa wannan haƙƙi ne a zukatan mutane, ko tana cinye shi? Ba sai mun je nesa neman amsa ba, domin ƙasar Hausa ta ga irin wannan jam'iyya tun daga haihuwarta har zuwa hawanta mulki.

An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, Malam Aminu Kano ya zama shugabanta a 1953. Wanda bai san halin da talaka yake ciki a ƙarƙashin En'e ba, ba zai gane abin da wannan jam'iyya ta yi ba. Haraji a kan kowane baligi, jangali a kan kowace saniya, aikin tilas a gandun hakimi, ɗan doka da bulala, kotun alƙali da gidan yari duk a hannun hukumar da ake ƙara a kanta, Bature kuma yana bayan labule yana riƙe da linzami. A irin wannan yanayi ne 'yan NEPU, teloli da 'yan koli da malaman zaure da ƙananan ma'aikata, suka riƙa shiga ƙauyuka suna gaya wa manomi cewa shi ma mutum ne, yana da ta cewa. Aka ɗaure su, aka yi musu bulala, aka saki 'yan bangar da ake kira Mahaukata a kansu. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku sau da yawa a kan wannan kira, tun zamanin da matan Arewa ba su da ƙuri'a, abin da ba su samu ba sai a 1976.

Ya kamata a yi wa tarihi adalci a nan. Jam'iyyar da'awar talakawa ce ta koya wa Bahaushen ƙauye darajar ƙuri'a. A zaɓen 1951 ana hawa mataki-mataki ne, daga unguwa zuwa gunduma zuwa lardi, En'e kuma tana da ikon cusa nata mutane a matakin ƙarshe. NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma da aka gama tacewa ko mutum guda nata bai kai Majalisar Kaduna ba. Abin da ta yi bayan nan shi ne abin lura. Ba ta ce a bar zaɓe ba, bal ma sai ta dage a kan a yi zaɓe kai tsaye, kowane baligi da ƙuri'arsa, a raba kotu da fada, a ba mata haƙƙinsu. Duk waɗannan buƙatu ne na gyaran tsari, waɗanda za su amfani har wanda bai taɓa riƙe katin NEPU ba.

Kuma hujjojinsu ba daga littattafan 'yan gurguzu kaɗai suka ɗebo su ba, kamar yadda abokan hamayyarsu suka riƙa yayatawa. Malam Aminu ɗan gidan malamai ne, mai tafsiri ne, haka Malam Sa'adu Zungur ya yi zurfi a ilmin addini. Sun san cewa Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo a cikin Kitabul Farƙ ya lissafa jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa masu mulki a cikin ɗabi'un mulkin da jihadi ya tashi ya rushe, sun kuma san cewa Shehu Abdullahi ya rubuta Diya'ul Hukkam ne domin mutanen Kano su san iyakar mai mulki. Sai suka juya wa jikokin masu jihadi littattafan kakanninsu. Wannan ne ya sa kiran ya ratsa zukata, domin talaka ya ji cewa ƙin zalunci yana cikin addininsa.

To amma akwai wata ƙwaya da aka shuka tun a lokacin, wadda ba ta tsiro ba sai daga baya. A 1959 aka yi zaɓen tarayya kai tsaye ga maza baligai, abin da NEPU ta daɗe tana nema. Sakamako ya fito, NPC ta sami kujeru 134, NEPU ta sami 8. Ga jam'iyyar talakawa, ga talakawa sun sami ƙuri'a, amma mafi yawansu sun dangwala wa fartanya. Babu shakka an yi barazana, an hana taro, an kulle 'yan takara, wannan duk ya faru. Sai dai akwai kuma manomin da ya zaɓi NPC da zuciya ɗaya, saboda yana ganin girman sarkinsa, ko yana tsoron rinjayen Kudu, ko yana shakkar ƙawancen NEPU da NCNC. Jam'iyyar da ta ce ita ce talakawa ba ta da gurbin da za ta ajiye irin wannan mutum a cikin lissafinta. Ko dai an tsorata shi, ko an saye shi, ko jahili ne. Daga ranar da jam'iyya ta yarda cewa ba za ta taɓa faɗuwa zaɓe faɗuwa ta gaskiya ba, daga ranar ta fara koya wa magoya bayanta cewa akwati yana da gaskiya ne kawai idan ya ba su nasara.

Soja suka zo a 1966 suka rushe jam'iyyu. Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978, tsofaffin 'yan NEPU da wasu matasa 'yan boko masu zafin ra'ayi suka haɗu a PRP, mai alamar mabuɗi. A 1979 ta ci gwamna a Kano da Kaduna, Alhaji Abubakar Rimi da Alhaji Balarabe Musa. Nan ne gwaji na haƙiƙa ya zo, domin kuka daban, riƙon amana daban.

Farkon abin da gwamnonin biyu suka yi shi ne soke haraji da jangali, wasu jihohi kuma suka bi sahu. Wallahi ba za mu raina wannan ba. Dattawa da yawa har yau suna tuna shekarun da magidanci yake sayar da akuyar matarsa ko ya gudu ci-rani saboda kuɗin haraji. Gwamnatin Rimi ta kafa hukumar yaƙi da jahilci ta manya, ta kai lantarki da hanyoyi karkara, ita ce kuma ta fara ba da hutun ranar ma'aikata a 1980. Sai dai an soke haraji ba a kafa wani tsarin adalci a gurbinsa ba, ba zakka da aka tsara, ba wata hanya da mai hali zai ɗauki nauyin maras hali. Jiha ta koma dogaro kacokan da kason man fetur da ke zuwa daga Legas. Mutumin da ake karɓar kuɗinsa yana da bakin tambayar ina aka kai su, amma wanda ake yi wa aiki da kuɗin da bai san asalinsu ba gani yake kyauta ce gwamna ya yi masa, sai ya yi godiya da kirari. Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta shigo da matakan tsuke bakin aljihu a 1982, kyautar ta ƙafe, albashi ya fara makara a jihohi, ba wanda ya shirya wa talaka jin wannan labari.

A Kaduna kuwa masu zaɓe sun ba PRP gwamna, sun ba NPN rinjaye mai yawa a majalisar dokoki. Duka biyun ƙuri'ar talaka ce ta kawo su. Majalisa ta yi ta watsi da sunayen kwamishinonin da gwamna ya aika mata, gwamna ya ƙi sassautowa, jiha ta yi kusan shekara biyu ba majalisar zartarwa, har aka tsige Balarabe Musa ranar 23 ga Yuni 1981, gwamna na farko da aka taɓa tsigewa a Nijeriya. Mutane da yawa, har da waɗanda ba sa ra'ayinsa, sun shaide shi da tsabtar hannu, kuma ba ma shakkar cewa 'yan majalisar sun yi amfani da rinjayensu don ramuwar gayya. Amma me talakan Zariya da Katsina ya koya daga wannan dambarwa? An gaya masa cewa majalisa taron maƙiyansa ce, alhali shi ya zaɓe ta. Ya ga wanda ya zaɓa gwamna an cire shi da hannun waɗanda ya zaɓa wakilai. Ta kowace fuska ya duba, darasin guda ne: ƙuri'arsa ba ta kare shi ba.

Abin da ya faru a Kano ya fi ciwo. Tun ba a je ko'ina ba jam'iyyar ta dare biyu, 'yan Taɓo suna tare da Malam Aminu, 'yan Santsi suna tare da gwamnoni, kowane ɓangare yana rantsuwa shi ne talakawa, ɗayan kuma maci amana. Makamin da aka wasa domin sarakuna sai aka juya shi a cikin gida, da zagi a dandali, da waƙoƙin habaici, da 'yan daba. Gwamnati ta ƙirƙiro sababbin masarautu don rage ƙarfin fadar Kano, ta aika wa Sarki Ado Bayero takardar tuhuma, ranar 10 ga Yuli 1981 gari ya kama da wuta, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa, a gidansa. Waɗanda suka yi wannan ɓarna su ma daga cikin talakawa aka ɗebo su. Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983, Allah Ya jiƙansa. Rimi ya koma NPP ya faɗi zaɓe, Alhaji Sabo Bakin Zuwo ya hau ya rushe masarautun da aka ƙirƙiro. (Wanda ya ga yadda aka sake ƙirƙiro masarautu a Kano a 2019 aka kuma rushe su a 2024 zai san cewa doka ta daɗe da zama abin wasan duk wanda rinjaye ya faɗo hannunsa.) Ranar 31 ga Disamba 1983 soja suka kifar da Jamhuriya ta Biyu, aka kwashe gwamnoni zuwa kurkuku, na NPN da na PRP ba bambanci. Jama'ar da aka yi shekara talatin ana ɗaure iyayensu don su sami ƙuri'a ba su fito kare ta ba. Da yawa ma murna suka yi.

Ga yadda muke fahimtar abin. Son da talaka yake yi wa dimokuraɗiyya son adalci ne ya sa wa riga. Yana son ya kai ƙara a saurare shi, ya je asibiti ya sami magani, ya noma ya ci. An ce masa ƙuri'a ce hanyar, ya yarda. Jam'iyyar da'awar talakawa takan zo ta tarar da wannan fata, ta hura shi har ya kai maƙura, shi ya sa a lokacin tashenta rumfunan zaɓe suke cika, har masu nazari su ce ai dimokuraɗiyya ta kafu. Amma takan ɗaure fatan gaba ɗaya a wuyan mutum guda. Ba ta cewa a gyara kotu, a gyara ma'aji, a gyara hanyar binciken mai mulki ko da namu ne, sai dai ta ce a kawo wane, shi ne maganin komai. Idan wanen ya hau ya kasa, ko aka hana shi, ko ya mutu, ba abin da ya rage a hannun mabiyi. Ya riga ya koyi cewa majalisa maƙiya ce, kotu ta manya ce, ɗan adawa munafuki ne, jarida 'yar amshin shata ce. To wa ya saura? Sai wani gwarzon, kuma wanda aka horar a kan jiran gwarzo ba ruwansa da ko farar riga ya sa ko kaki.

Alƙaluman Jamhuriya ta Huɗu suna tafiya a kan wannan layi. A zaɓen shugaban ƙasa na 2003 kimanin kashi 69 cikin 100 na masu rajista aka ce sun fito. A 2015, duk da zumuɗin canji, kimanin kashi 44 ne. A 2019 suka koma kimanin 35, a 2023 kuma kimanin 27, har wanda ya yi nasara ya hau da ƙuri'a miliyan 8.8 a ƙasar da masu rajista suka haura miliyan 93. Ko da an ce alƙaluman baya akwai ƙari a cikinsu, na'urar tantance masu zaɓe ce ta rage shi, babu mai musun cewa bayan kowane babban alkawari jama'a sukan koma gida da sanyin gwiwa fiye da yadda suka fito.

Akwai babi guda a wannan tarihi da ya shafi masu da'awa kai tsaye. Da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara a watan Oktoba na 1999, wasu jihohi 11 suka bi, kuma jama'ar da ta cika Gusau da Kano da gaske take, kuka take da hawaye don tana ganin ƙarshen zalunci ya zo. Amma 'yan siyasa sun gane nan take cewa kalmar Shari'a tana tara jama'a kamar yadda kalmar talakawa ta tara su a da, sai ta shiga cikin kayan yaƙin neman zaɓe. Aka gaggauta haddi a kan ɓarawon saniya, ba a gaggauta binciken baitulmali ba. Da zumuɗin ya lafa, talaka bai ga bambanci a kotu ko a kasuwa yadda ya zata ba, kuma wannan karon abin da aka jinginar aka kasa fansa sunan addinin Allah ne. Idan jam'iyya ta ci amanar kalmar canji, dimokuraɗiyya ce take asarar masoya. Idan ta ci amanar kalmar Shari'a fa?

Kada kuma ɗan'uwa ya ɗauka cewa duk mai cewa jama'a, jama'a, da mu yake. Tafarkin nan ba shi da addini, abin da yake buƙata kawai rinjaye da abokin gaba. A ƙasar Hausa abokin gaban sarakuna ne, amma a Turai, inda irin waɗannan jam'iyyu suka yi ƙarfi a 'yan shekarun nan, Musulmi ne. A Suwizalan a 2009 jam'iyyar da ke da'awar ita ce muryar jama'a ta jagoranci ƙuri'ar raba gardama, kashi 57.5 cikin 100 suka amince a hana gina hasumiyar masallaci, a ƙasar da hasumiyoyinta huɗu ne kacal a lokacin. A Holan a 2023 jam'iyyar Geert Wilders, mutumin da ya gina sunansa a kan ƙiyayya da Musulunci, ita ta fi kowace samun kujeru. Ba maguɗi aka yi ba, ƙuri'a ce tsabtatacciya. Wanda duk ya yarda cewa rinjaye shi ne gaskiya a Kano, da wane baki zai yi ƙorafi idan rinjaye ya hana shi hasumiya a wani gari?

Haka nan wanda yake jiran gwarzo ya dubi Tunisiya. Bayan juyin 2011 jama'a suka sami zaɓe, suka yi shekaru suna kallon jam'iyyu na cacar baki alhali rayuwa tana ƙara tsada. A 2019 suka zaɓi Kais Sa'id, malamin shari'a da ba shi da jam'iyya, wanda duk kiransa shi ne jama'a ne ke so. Ranar 25 ga Yuli 2021 ya dakatar da majalisa, mutane suka fito tituna suna guɗa. A 2023 aka kama Shaikh Rashid al-Gannushi, shugaban majalisar da aka rushe kuma jagoran Annahda, yana da shekara fiye da 80, aka rufe ofisoshin ƙungiyarsa. Mu ma nan ba baƙi ba ne ga dokar soja ta 2 ta 1984, wadda ta halatta tsare mutum ba tare da an kai shi kotu ba, kuma an san malaman da suka yi shekaru a tsare a zamanin soja saboda abin da suka faɗa a kan mumbari. Yaron da ya ɗaga tutar Rasha a 2024 ba a haife shi ba a lokacin. Wajibin wanda ya gani ne ya ba shi labari.

Musulunci bai bar mu cikin duhu a kan wannan ba. Alƙur'ani ya yabi muminai da cewa lamarinsu shawara ne a tsakaninsu, har aka sa wa sura guda sunan Shura, amma a Suratul An'am ya gargaɗi Manzo (SAW) game da bin mafi yawan mutane a kan zato, a Suratuz Zukhruf kuma ya nuna cewa Fir'auna ma da goyon bayan jama'arsa ya yi mulki, bayan ya raina musu hankali. Sayyidina Abubakar (RA) a huɗubarsa ta farko bai gabatar da kansa a matsayin maganin komai ba. Ya nemi a taimake shi idan ya yi daidai, a miƙar da shi idan ya karkace, ya kuma ɗaure biyayyar da za a yi masa da biyayyarsa ga Allah da ManzonSa. Wato tun ranar mubaya'a ya damƙa wa al'umma ma'aunin da za ta auna shi da shi, ma'aunin da yake sama da shi, yake kuma sama da su. Imam Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan Hijira, da ya zo maganar masu zaɓen shugaba a cikin Al-Ahkamus Sulɗaniyya sai ya shar'anta musu adalci da ilmin sanin wanda ya cancanta da basira, domin zaɓe shaida ce, shaida kuwa ana tambayar mai ba da ita. A ɗaya gefen kuma, waɗanda suka yi wa gidan Sayyidina Usman (RA) ƙawanya a shekara ta 35 da sunan koke-koken jama'ar garuruwa suka zo, ƙofar da suka buɗe kuwa ba ta rufu ba har yau.

Saboda haka muna ganin aikin harkar gyara a wannan fage ya fi ƙarfin nuna wa mutane wanda za su dangwala wa. Abin da NEPU ta yi daidai a shekarunta na farko shi ne karantarwa, zaure-zaure, ƙauye-ƙauye, har manomi ya san cewa akwai iyakar da hakimi ba shi da ikon ƙetarewa. Wannan aikin an yi watsi da shi, kuma mu muke da makarantun Islamiyya da majalisun karatu da zai yiwu a ci gaba da shi a cikinsu. Ɗalibin da ya karanta babin shaida da babin amana ya kamata ya san nawa ƙaramar hukumarsa take karɓa daga asusun tarayya kowane wata, tunda ana buga alƙaluman, ya san sunan kansilansa da ɗan majalisarsa, ya iya haɗa mutum goma su je su tambayi inda kuɗin rijiyar unguwa ya shiga, ko da shugaban ƙaramar hukumar a sahun gaba yake sallah a masallacinmu.

Mumbari kuma amana ne. Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato 'yan takara sukan yi layi a ƙofofin malamai, wannan da motar hawa, wancan da alkawarin kujerar Hajji, kowanne da rantsuwar cewa shi ne na talakawa, shi ne na addini. Malamin da ya ɗaga hannun ɗan takara a gaban jama'a ya ce wannan ne zaɓin Allah, ya sa wuyansa a cikin igiyar da ba shi ne yake riƙe da ita ba, ranar da gwamnan ya kasa biyan albashi kuwa har da karatun malamin za a daina saurare. Muna kira ga rassanmu da kada a ba kowane ɗan takara lasifikar masallaci ko filin makaranta don yaƙin neman zaɓe. Idan ya nemi ganawa, a karɓe shi a zauren taro, a gayyaci abokan takararsa su ma, a yi musu tambayoyi iri ɗaya a gaban jama'a: da wane kuɗi za ka cika wannan alkawari, wa zai binciki ma'ajinka, za ka bi hukuncin kotu idan ya saɓa maka, kuma idan ka faɗi za ka gaya wa magoya bayanka cewa ka faɗi? A rubuta amsoshin da kwanan wata, sakataren reshe ya adana takardar, a sake karanta ta a majalisin karatu duk shekara har wa'adin wanda ya ci ya ƙare.